Tambayi Bakanike: Ƙofar Hayaki a Salansar Mustang

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Ford Mustang GT ƙirar 2015 mai injin V8 lita 5.0. Na ga ana tallar wani ƙarfe a intanet, katawut, wai in an liƙa shi a bututun salansa sai ka danna rimot mota ta yi ruri, ka sake dannawa ta yi shiru. Mai tallar ya ce har ƙarfi yake ƙarawa. Wanne zan saya, kuma a ina ake ɗaurawa? (Mai karatu daga Kaduna)

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu a gareji ƙofar hayaki muke ce masa. Bututu ne mai reshe biyu: ɗaya ya bi hanyarsa zuwa tukunyar salansa, ɗayan kuma yana da bawul. In bawul ɗin ya buɗe, hayaki ya fice tun bai kai tukunya ba, shi ne rurin da kake ji.

Maganar ƙarfi kuwa, kada ka sa rai da yawa. A injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, kuma ba a taɓa masa komai ba, irin naka, ƙarin da za ka samu kaɗan ne, sai ka taka mota sosai ma zai bayyana. Masu turbo sun fi cin riba, domin turbo na son hayaki ya fita ba tare da cikas ba. In ƙarar V8 kake so, ita kam za ka samu har ta ishe ka.

Akwai na hannu, mai murfi da noti uku, wanda sai ka shiga ƙarƙashin mota ka kwance, ga ƙarfe da zafi. Akwai na lantarki mai ƙaramar moto da ke aiki da batirin mota, irin na kamfanin QTP, shi ne mai rimot ko makunni. Na lantarkin nake ba ka shawara, amma ka nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kafin ka tura kuɗi, a ɗaga motar a auna kaurin bututunka. Yawanci ana samun inci 2.5 da inci 3, kuma babba ba shi ne mafi kyau ba, wanda ya dace da bututunka shi ne naka. Motarka bututu biyu gare ta, saboda haka guda biyu za ka saya, a haɗa su a makunni ɗaya.

Inda aikin yake lalacewa shi ne wajen ɗaurawa. Dole ƙofar ta zauna bayan matatar hayaki, wadda muke kira indomi, da kuma bayan sensar iska ta baya, wadda ke auna iskar da ke cikin hayaki, sannan kafin tukunya. A bar tazara mai kyau tsakaninta da sensar, ni nakan bar kamu biyu in wuri ya samu. In ta matse sensar, iskar waje na komawa ciki, sensa ta yi wa kwamfutar mota ƙarya, fitilar inji ta kama a dashbod. Kuma duk mai waldar da ya ce maka a cire indomi gaba ɗaya don ƙara ta fi daɗi, ka ɗauki motarka ka tafi. Indomi ce ke rage gubar hayakin, kuma tana da kuɗi, shi ya sa wasu ke kwaɗayin a cire.

Bara aka kawo mini wata Camaro da aka yi wa wannan aikin a wani wuri. Mai ita ya ce kullum in ya yi tafiya da ƙofar a buɗe sai kansa ya riƙa sara. Da na shiga rami na haska tocila, sai ga bakin ƙofar yana kallon ƙasan kujerar direba kai tsaye, fentin wurin ya ƙone ya yi toka-toka, robar da ke toshe wani rami a falon motar ta narke ta zube. Gubar hayaki ce yake shaƙa, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, domin da yaransa yake yawo a kujerar baya. Don haka a sa wa bakin ƙofar ɗan gwiwar bututu mai kallon ƙasa ko gefe, nesa da layin mai, layin birki da tanki.

Moton bawul ɗin kuma a juya shi gefe ko sama. Mustang mota ce mai ƙasa-ƙasa, in moton na reto a ƙasa, tudun rage gudu na farko zai fasa shi. A ja waya nesa da zafi, a sa mata fis. Ka riƙa buɗewa da rufewa ko sau ɗaya a mako, in ba haka ba baƙin hayaki ya daskare a bakin bawul, ya daina rufuwa ruf, ka riƙa jin tsit-tsit ko a rufe yake.

Sai haƙƙin maƙwabta. V8 a buɗe da asuba zai tashi layi guda, da jarirai da marasa lafiya. Ford ɗin ma sun san da haka, shi ya sa daga ƙirar 2018 suka fito da salansa mai bawul da za a iya saita ta ta tashi a hankali. Ka rufe taka a cikin unguwa, kusa da asibiti da masallaci, ka buɗe a fili.

TAMBAYA: Malam, Corolla ce da ni mai silinda huɗu. Ni ma zan iya sawa? (Mai karatu daga Zariya)

AMSA: Za ta ɗauru, amma ban ba ka shawara ba, ƙanena. Ƙarar da za ta fito irin ta salansar da ta fashe ce, ba ruri ba, kuma ƙarfi ba zai ƙaru ba. Ka sa kuɗin a tayoyi masu kyau, sababbin fulogi da juyen baƙin mai a kan lokaci.