Filin Tambaya da Amsa: Ƙaramar taraktata ta cika ƙara, wace salansa zan saka mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar tarakta irin wadda ake riƙewa da hannu ana bin ta a baya, mai injin dizal ɗan China mai fistin ɗaya, kuma da ita nake gyaran gonar shinkafa da lambun tumatir a noman rani. Tun da salansarta ta tsage, idan na tashi daga aiki sai in yi ta jin amo a kunnuwana har dare, maƙwabta kuma sun fara ƙorafi domin da asuba nake tayar da ita a ƙofar gida. Mai walda ya ce zai ɗaura mini salansar mota, wani abokina kuwa ya ce in cusa soson ƙarfe a bututun hayaƙin. Wace shawara zan bi? Daga wani manomi a Kura, jihar Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar abokinka ce zan fara kawarwa, domin ita ce mai arha a yau, mai tsada a gobe. Hayaƙin dizal yana ɗauke da kunkunniya mai yawa, kuma ba za a daɗe ba za ta toshe soson. Idan hayaƙi bai sami hanyar fita ba, injin ba zai shaƙi isasshiyar iska ba, sai ƙarfinsa ya ragu, ya riƙa zafi, ya ƙara shan mai, daga bisani bawul ɗin fitar da hayaƙi ya ƙone. Duk dabarar da za ta rage ƙara ta hanyar shaƙe injin, to ka guje ta.

Yana da kyau ka san daga ina ƙarar take fitowa. Injin fistin ɗaya da ke juyawa sau 2,200 a minti man cikinsa yana fashewa sau ɗaya a kowane juyi biyu, sau 1,100 ke nan a minti, wato kusan sau 18 a kowace daƙiƙa, kuma kowace fashewa tana fitowa ita kaɗai da ƙarfinta, ba kamar injin mota mai fistin huɗu ba, inda bugun ke bin juna a jere har ya zama kamar gunji ɗaya. Wannan bugu mai kauri ne ke ratsa katanga ya tashi maƙwabci daga barci.

Salansa iri biyu ce. Akwai mai ɗakuna a ciki, wadda aka raba da farantan ƙarfe, hayaƙi ya shiga ya faɗaɗa, ya juya, ƙarar ta yi karo da kanta ta raunana. Akwai kuma mai bututu miƙaƙƙe da aka huhhuda, aka naɗe shi da audugar gilashi, wadda take shanye ƙara mai kaifi amma ba ta iya komai da bugu mai kauri, kuma ita ma kunkunniya tana cika ta. Ga irin injinka, mai ɗakuna ce ta dace, kuma gwargwadon girman cikinta gwargwadon shirun da za ka samu. Salansar da masana'anta ke haɗo wa waɗannan injuna ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa ko tana sabuwa ba ta gamsarwa; duk da haka, sayen irinta sabuwa shi ne mafi sauƙin gyara idan aljihu bai da nauyi.

Saboda haka mai waldarka bai yi kuskure ba, salansar ƙaramar mota tana aiki sosai, amma da sharaɗi. Kada faɗin bututun da zai haɗa ya gaza na asali ko kaɗan, kuma ya rage lanƙwasa iyakar iyawarsa. Abin da masu walda suka fi sakaci da shi shi ne nauyi: injin fistin ɗaya yana girgiza ƙwarai, idan aka rataya salansa mai nauyi a bakin injin kawai, wata rana notunan za su karye a cikin kan injin, gyaran da ya fi kuɗin salansar nesa ba kusa ba. A yi mata mariƙi a jikin firam, sannan a saka guntun bututu mai lanƙwasuwa tsakaninta da injin domin ya shanye girgizar. Kada a yi amfani da bututun ruwa mai rufin zinki, domin hayaƙin da yake fitarwa lokacin walda yana sa zazzaɓi. A juya bakin ya kauce wa fuskarka, kuma idan sama ya kalla a sa masa murfi saboda ruwan sama. Idan ƙasa ya kalla kuwa, tartsatsi na iya kama busasshen bambaro a lokacin hunturu.

Kafin ka biya ko kwabo, ka sa bakanike ya duba gasket ɗin da ke tsakanin injin da bututu, domin baƙin tabo a wurin alama ce ta yoyo, kuma ƙaramin yoyo yana ɓata aikin salansa komai kyanta. Ya duba tazarar bawul da nozul da matatar iska, ya ɗaure duk murfin da ke kaɗawa. Wani kaso na ƙarar dizal daga jikin injin yake fitowa, salansa ba ta da iko a kansa.

Amon da kake ji a kunne shi ya fi damuna. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne desibel 85 (desibel shi ne awon ƙarfin ƙara) na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, to ka kai wannan iyaka ko ka wuce ta, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Ka sayi abin toshe kunne na soso ko irin wanda ke rufe kunne gaba ɗaya, audugar gida ba ta wadatarwa, kuma ka je asibiti a gwada jinka idan amon ya ƙi tafiya. Maƙwabta kuwa nisa ne maganinsu, domin a fili duk ninkin tazara yana rage kimanin desibel 6: idan da wurin ajiya amintacce kusa da gona, ka riƙa kwanar da ita a can, amma kada ka taɓa tayar da ita a cikin rufaffen ɗaki.