Faifan Ajiya Na Cinye Mini Riba: Amsa Ga Mai Ɗaukar Bidiyon Biki

Wani mai sana'ar ɗaukar bidiyon biki daga Zariya ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Duk biki ɗaya, daga kamu zuwa yini har dina, nakan dawo da ɗauka ta kusan awa shida, kuma kyamarata na cin giga 22 da ɗoriya a kowace awa. Kusan duk wata biyu sai na sayi sabon faifan ajiya mai tera ɗaya, ribar tawa can take tafiya. Na gwada rage nauyin wani bidiyo da manhajar waya, sai fuskar amarya ta dagule, uwar amarya ta ce ba za ta cika mini kuɗina ba. In ci gaba da sayen faifai, ko akwai hanyar da zan rage nauyin ba tare da na ɓata aiki ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai hanya, kuma ba sai ka sayi komai ba. Amma kafin mu taɓa kwamfuta, ɗauko alƙalami mu yi lissafi, don ka san inda kuɗinka ke zurarewa.

Nauyin bidiyo ya dogara ne a kan yawan bayanan da ake zuba wa kowane sakan. Ana auna shi da megabit. Riƙe wannan da ka: megabit 1 a sakan yana ba da mega 450 (wato megabyte, ma'aunin nauyin fayil) a awa. Giga 22 da rabi da kyamararka ke ci na nufin tana ɗauka a kan megabit 50. Awa shida ta zama giga 135, faifan tera ɗaya kuwa ba zai ɗauki fiye da biki bakwai ba. Raba kuɗin faifan gida bakwai, abin da ya fito shi ne kuɗin da kake cire wa kanka a kowane biki ba tare da ka sa shi cikin farashi ba. Na fi damuwa da wannan a kan batun manhaja, domin kana ajiye wa mutane kaya kyauta, har abada, alhali babu wanda ya roƙe ka.

Abin da ya faru da bidiyon amaryar nan ba abin mamaki ba ne. Matse bidiyo kamar tankaɗen gari ne: abin da rariya ta fitar ba ya komawa. Manhajar tana ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan a hotunan da ke biye ta rubuta abin da ya sauya kawai, ta watsar da abin da take ganin ido ba zai lura da shi ba. Wajen ɗaurin aure, inda dattawa ke zaune ana addu'a, abin da ke sauyawa kaɗan ne, don haka yana matsuwa lafiya lau. A filin dina kuwa komai na motsi a lokaci guda: ƙawaye cikin ankon leshi mai ƙyalli, fitilu masu launi suna juyawa, ana liƙi kuɗi na zuba, kyamara ma tana yawo. Wasu manhajojin waya suna yanka wa bidiyo ƙaramin kason bayanai iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Kason ya ishi zaman dattawa, bai ishi filin rawa ba, sai hoton ya farfashe ya koma ƙananan murabba'ai, a daidai wurin da dangin amarya suka fi son gani.

Maganin wannan shi ne ka daina faɗa wa manhaja nauyin da kake so, ka faɗa mata ingancin da kake so. Sauke HandBrake, manhajar matse bidiyo, a kwamfutarka. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. A sashen bidiyo za ka ga wani ma'auni da aka rubuta RF, mai lamba daga 0 zuwa 51. Ƙaramar lamba na nufin hoto mai kyau da fayil mai nauyi, babbar lamba na nufin akasin haka. Da wannan ma'auni, manhajar da kanta za ta ƙara wa filin rawa kaso, ta rage wa zaman da ba motsi. Masu HandBrake sun ba da shawarar 20 zuwa 24 ga bidiyon 1080, da 19 zuwa 23 ga na 720. Ga aikin biki ni na fi son 20 ko 21, saboda zanen atamfa da aikin wuyan shadda su ne ke fara dusashewa in an wuce haka. Ka kuma sani, ƙarin lamba shida yakan rage nauyi da kusan rabi, ke nan matsawa da lamba ɗaya ko biyu ma ba ƙaramin abu ba ne.

Sai zaɓin tsarin matsewa, kuma a nan ne nake ganin masu sana'a da yawa suna yi wa kansu illa saboda son sabon abu. H.264 ya fito tun 2003, kusan babu waya ko talabijin mai ramin filas da ba ya buɗe shi. H.265 ya zo a 2013, yana iya ba ka hoto iri ɗaya a nauyin da ya ragu sosai, wani lokaci har kusan rabi, amma yana ɗaukar lokaci mai tsawo wajen matsewa, kuma tsofaffin talabijin da ƙananan wayoyi da dama ba sa karanta shi. AV1 na 2018 ya fi shi matsewa, ya kuma fi shi ƙarancin na'urorin da ke buɗe shi. Ka tuna wa zai kalli aikinka. Ba ango kaɗai ba ne da sabuwar wayarsa. Za a kai filas ɗin gidan gwaggo a soka a talabijin ɗin da aka saya shekara goma da suka wuce, in allo ya yi baƙi ba za a ce talabijin ne ya tsufa ba, cewa za a yi mai bidiyo bai iya aiki ba. Don haka duk abin da zai fita daga shagonka ya zama H.264 a cikin fayil ɗin MP4. H.265 ka bar shi ga ajiyarka ta cikin gida, inda kwamfutarka ce kaɗai za ta buɗe.

Akwai wani ma'aunin na saurin aiki. In ka ba manhajar lokaci, takan nemo dabarun rage nauyi ba tare da taɓa inganci ba. Tsaya a kan medium ko slow. Matakan da suka fi haka nawa suna ninka lokaci a kan ragin da bai taka kara ya karya ba, kuma in da janareta kake aiki, man da za ka ƙona ya fi ƙarfin gurbin da za ka samu. Haka kuma in kwamfutarka na da NVENC ko Quick Sync, wato sassan da aka gina a cikinta musamman don matse bidiyo, suna gama aiki da sauri ƙwarai, sai dai fayil ɗinsu yakan ɗan fi nauyi. Ranar da ango ke tsaye a kanka yana jira, yi amfani da su.

Kada ka taɓa yawan hotuna a sakan, bar shi yadda aka ɗauka. Murya kuwa sa ta a tsarin matse sauti na AAC mai kilobit 160, kada ka yi ƙasa da 128. Awa guda a kan 128 ba ta kai mega 60 ba, to rowar me za a yi a nan? Mutane na iya haƙuri da hoto mai ɗan laushi, amma ba sa yafe wa wanda ya ɓata musu muryar mawaƙin da ya kira sunan amarya.

Wani abin da ke kumbura fayil ba tare da an ankara ba shi ne ɗaukar dare. In haske ya yi ƙaranci, hoton yakan cika da ɗige-ɗige masu rawa kamar yashi, manhajar kuma tana ɗaukarsu a matsayin motsi, ta yi ta kashe musu kaso. HandBrake na da matatar share su mai suna NLMeans. Sa ta a mataki mafi sauƙi, in ka tsananta fuskoki za su yi sulɓi kamar na 'yar tsana. Amma gyaran gaskiya a wurin biki yake: fitila ɗaya mai kyau a kan kyamara za ta gyara hoto ta kuma rage maka nauyi a kowane aiki.

To ga yadda nake so ka tsara kasuwancin. Bayan ka gama tace bidiyon, a ce ya tsaya a awa biyu, fitar da kwafi uku, dukkansu daga ainihin aikin. Kada ka taɓa matse wanda aka riga aka matse, tankaɗe na biyu ne ke kashe hoto. Na farko naka ne na ajiya, 1080 a kan RF 18. In ya faɗa a megabit 12, giga 11 ke nan. Na biyu na filas ɗin ango, 1080 a kan 21, in ya faɗa a megabit 6 zai kai giga 5 da rabi. A nan ka kula: filas da memori masu giga 32 zuwa ƙasa galibi suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. Mayar da shi exFAT na warware wannan, amma wasu tsofaffin talabijin ba sa gane shi, don haka ya fi sauƙi ka raba aikin: kamu daban, yini daban, dina daban. Mutane ma sun fi son haka. Na uku na waya ne, 720 a kan 23 ko 24, wanda zai tsaya ƙasa da giga 2, iyakar abin da WhatsApp ke ɗauka. Ka tura shi a matsayin takarda, wato Document, domin in ka tura shi a matsayin bidiyo WhatsApp zai sake matse shi da kansa.

Waɗannan ukun ba za su wuce kusan giga 18 ba, maimakon 135. Faifan da ke ɗaukar biki bakwai zai ɗauki sama da hamsin.

Ɗanyen ɗaukar kuma fa? Rubuta a rasit, ka kuma faɗa da baki ranar karɓar kafin alƙalami, cewa za ka ajiye shi wata uku bayan miƙa aiki, daga nan za ka goge. Wanda ke son a bar masa, ko dai ya kawo faifansa ka juye masa, ko ya biya kuɗin ajiya. Kada ka goge komai sai an kalla, an ce an gamsu, an cika kuɗi. Kuɗin faifai na gaba da ka huta saye kuwa, ina roƙonka kada ka cinye shi duka. Sayi faifai ɗaya ka riƙa kwafe ajiyar a kai, ka bar shi a gida, nesa da shago. Faifai na mutuwa ba sallama, biki kuma ba a sake shi.

Game da uwar amaryar da ta riƙe maka kuɗi, in ainihin aikin na nan, ka sake fitar mata da shi ta wannan hanya, ka kai mata da kanka ka ba ta haƙuri. Tana da gaskiya, kuma a gidan biki ake samun bikin gaba.

Kafin ka saki aikin awa biyu a kan kwamfuta, yanko minti biyu daga wurin da ya fi hayaniya, lokacin liƙi. Matse shi a kan 20, da 22, da 24. Kalli ukun a waya mafi araha da ke shagonka, sannan a babban talabijin, kana duban fuskar amarya da zanen leshinta. Lambar da ta fi girma cikin waɗanda idonka bai ga aibu a kansu ba, ita za ka adana a HandBrake da sunan shagonka, yadda ko yaronka ne ya zauna zai danna ta kawai. Ka yi wa ɗaukar rana tata, ta dare tata. Allah ya ba da kasuwa.