Ga mai tambayar ko ya bar zuwa wod, ɗakin kwantar da majinyata, ya zauna ya yi karatu

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya jiya, ka ce ka shiga ajin ƙarshe na karatun likitanci a nan Gombe, saura 'yan watanni jarrabawa, kuma kana ganin tsayuwar da kake yi a asibiti daga safe har azahar asarar lokaci ce. Kana so ka riƙa leƙawa a sa maka hannu a logbuk, littafin shaidar ayyukan da ɗalibi ya yi a asibiti, sai ka sulale ɗaki ka buɗe littafi. Na ga wasu sun ce maka haka kowa ke yi. To ni ma na yi, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Sati uku na farko a ɓangaren cututtukan manya, dabarata ita ce in iso da sassafe, in ɗauki fayil ɗin majinyaci, in kwafe abin da rejistara, wato likitan da ke horon ƙwarewa, ya rubuta, in haddace. Sai ranar wata Talata a zagayen babban likita aka ce in gabatar da wani dattijo mai kumburin ciki. Na zuba bayani tiryan-tiryan, har na ce hantarsa ba ta girma ba. Likitan bai ce uffan ba. Ya kama hannuna na dama ya ɗora a cikin dattijon, ya ce, "Baba, ja numfashi." Gefen hanta ya zo ya bugi yatsuna, mai tauri, da ƙulli-ƙulli, faɗin yatsa huɗu ƙasa da haƙarƙari. Sannan ya tambayi dattijon, "Baba, wannan yaron ya taɓa duba ka?" Baba ya dube ni da kyau ya ce, "Wallahi yau na fara ganinsa." Mutum kusan 20 ne a tsaye, har da nas-nas da masu jinya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da na kwafa rubutun gaggawa ne na daren da aka kwantar da shi, lokacin ruwa ya cika cikin.

Ka san dai jarrabawar ƙarshe ba takarda ce kaɗai ba. A wurinmu, wanda ya faɗi ɓangaren duba majinyaci ya faɗi darasin gaba ɗaya, ko da ya cinye na rubutu. Za a kai ka gaban gado, mai jarrabawa daga wata jami'a yana tsaye a kanka, kuma daga yadda ka naɗe hannun riga ka tsaya a dama da gadon ya riga ya gane ko ka saba. Hannu ba ya koyon wannan a hostal.

Akwai kuma abin da ba littafin da zai ba ka, wato kunne. Littattafanmu da Turanci suke, majinyatanmu kuwa da Hausa da Fulatanci da Tangale da Tera suke kukansu. Mutum zai ce maka basir ke damunsa. Kada ka yi saurin rubutawa, domin basir a bakin mutanenmu ya haɗa zubar jini ta dubura, da taurin bayan gida, da ciwon baya, da raunin da magidanci ke jin nauyin ambata. Haka sanyi, haka daji, haka shawara. In ka ce yaushe ya fara, sai a ce maka "ya kwana biyu". Wani ɗan ajinmu da bai ji Hausa sosai ba ya taɓa rubuta kwana 2 a kan tarin da ya haura wata biyar. Ka ɗaure lokacin da abin da suka sani: kafin ƙaramar salla ne ko bayanta, an yanke gero ko ba a yanke ba. Maganin gargajiya kuma kada ka ce "ka sha?", za a ce maka a'a. Ka ce, "Wane taimako aka yi a gida kafin a taho?" Nan za ka ji jiƙo da saiwa da tsaga.

Kwanan asibiti shi ne inda na fi samu. Da rana ɗalibai goma ne a kan gado ɗaya, da dare kai kaɗai ne da likitan da ke bakin aiki, shi kuma a gajiye yake, neman mai kama masa yake yi. A daren nan na iya sa kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya, na iya sa robar fitsari, na fara ɗinki. Wani dare a ƙarshen damina aka kawo manomi daga wajen Billiri, maciji ya sare shi a diddige yana aiki a gona, dasashinsa na tsattsafo da jini. Likitan ya ce in ɗebi jini kamar mililita 2 in zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, ba ta roba ba, in ajiye kada in taɓa har minti 20. Da lokaci ya cika na karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar zoɓo, bai daskare ba. Dafin kububuwa ke nan, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa. Na sha karanta gwajin nan, amma tun daren ban sake buƙatar bitarsa ba. Kuma ɗalibin da ya yi karatu a jihar da asibitin saran maciji na Kaltungo yake, ai da kunya a tambaye shi wannan ya tsaya sosa ƙeya.

Karatun fa? Ban ce ka bari ba. Abin da ya yi mini aiki shi ne majinyaci biyu a rana, in ɗauki tarihinsu da bakina, in duba su da hannuna, bayan la'asar in karanta cututtukansu kawai. Bayan isha'i mu haɗu mu huɗu mu yi tsoffin tambayoyi, ɗaya ya zama majinyaci, ɗaya mai jarrabawa mai tsanani. Darasin lafiyar al'umma shi ake rainawa, kuma shi ke kayar da mutane, don haka ka ware masa ranarsa a sati.

Ka kula da jikinka. In ba ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, ka fara gobe, allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Kada ka mayar wa allura murfinta bayan ka yi amfani da ita. In ta soke ka, ka faɗa a take, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara a awannin farko. Daga Disamba zuwa Maris, duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya ka sa Lasa a ranka, maƙwabciyarmu Bauchi na cikin jihohin da ta fi kamawa. Safar hannu kullum a aljihu.

Nas-nas, musamman manyan da suka shekara 20 a wod ɗaya, ka gaishe su da kyau, ka ce Mama, ka ce Anti. Su suka san jijiyar da za ta karɓi allura a hannun yaron da gudawa ta ƙarar da ruwan jikinsa. Sa hannu a logbuk kuma kada ka tara sai ƙarshen zango, a ranar da ka yi aikin ka nema.

Na san ka gaji. Shekara shida ce a takarda, amma korona ta ci rabonta a 2020, yajin aikin malaman jami'a ya ci wata takwas a 2022, sa'o'inka wasu har sun yi aure. Sai dai ka tuna abin da ke gaba: kana rantsuwa, hukumar likitoci ta ba ka lasisin wucin gadi, sai aikin horo na wata 12, wata uku-uku a ɓangaren manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Ƙarfe biyu na dare nas za ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Likita, gado na shida yana haki." Kai ne likitan, kuma ba rejistaran da ya riga ka rubutu a fayil.

Ina kwana a ɗakin gaggawa ranar Laraba. In ka shirya ka yi mini magana ta gefe. Ka ci tuwonka tun a gida, ka taho da abin sauraren ƙirji da tocilan da rigar sanyi, don asuba akwai hunturu.