Kwamfuta na mutuwa da kanta, dillali na cewa a sake sa Windows

Wa alaikumus salam Malam. In na fahimci tambayarka, kwamfutar tebur ce ta ofis da ba ta wuce wata huɗu da saye ba, tana ɗaukewa da kanta sau biyu ko uku a rana ba tare da shuɗin allon nan na kuskuren Windows ba, kuma duk sanda ka kira dillalin da ya kawo ta sai ya ce a sake sa Windows. To, kada ka sake tukuna. In ka goge faifan ka goge shaidarka, gobe kuma ya ce ai manhajar da kuka ɗora ce ta jawo.

Fara da abin da na'urar ta rubuta da kanta. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta perfmon /rel, za ka ga jadawalin ranakun da ta mutu. Daga nan ka buɗe Event Viewer, inda Windows ke ajiye bayanin abin da ya faru, sashen System, ka nemi Kernel-Power mai lamba 41. Wannan lambar ba ta faɗin dalili, iyakarta ta ce na'urar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Abin dubawa shi ne BugcheckCode da ke cikin bayaninta. In sifili ne, Windows ba ta samu damar rubuta komai ba, galibi wuta ce ta yanke mata ko zafi ya kashe ta. In kuwa ka ga WHEA-Logger mai lamba 18 a kusa da lokacin, kayan ciki ne ke kai ƙara, sake Windows sau goma ba zai yi magani ba.

Kafin ka zargi kamfani, ka cire naka ɓangaren. Canja wayar wuta, canja soket, in tana kan UPS ka cire ta ka jona kai tsaye na kwana ɗaya. Batirin UPS da ya kai shekara uku zuwa biyar yakan kasa riƙe kaya a daidai lokacin da wuta ta yi ƙasa, sai a ɗora wa kwamfuta laifi. Cire duk abin da ke jikin USB ban da madannai da linzami.

Sai zafi. Sa HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kayan ciki, ka bar shi a buɗe kana aiki. Furosesa da ba ta aikin komai bai kamata ta wuce digiri 50 ba a ɗaki mai iska. Yawancin na Intel suna fara rage gudu a wajen digiri 100, in zafin ya ci gaba su kashe kansu. Sabuwar na'ura da ke kai wa can nan take, ko fankar ba ta juyawa, ko ƙarfen sanyaya bai zauna daidai ba tun daga masana'anta ko a jijjigar hanya.

RAM kuwa a gwada ta da MemTest86 daga filashi, a bar shi ya zagaya sau huɗu cikakku, ko da zai kwana yana yi. Kuskure ɗaya tak ya isa hujja. In sanduna biyu ne a ciki, gwada kowacce ita kaɗai a rami ɗaya, don ka gane ko sandar ce ko ramin. Faifan ajiya ba kasafai yake jawo irin wannan mutuwar ba, amma duba shi da CrystalDiskInfo minti biyu ne: in ya nuna layin 05, C5 da C6, su kasance sifili.

In duk waɗannan sun fita lafiya, akwatin wutar cikinta shi ne babban abin zargi. A tsarin ATX da aka saba, wato ƙa'idar akwatunan wutar kwamfutar tebur, layin 12V an yarda ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne kawai, wato tsakanin 11.4 da 12.6. Sai dai mita ba ta kama faɗuwar da ke zuwa cikin ƙiftawar ido, don haka gwajin da ya fi inganci shi ne a sa wani akwatin mai lafiya a gani. Ka lura, kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni da yawa ba sa amfani da filogi mai ƙafa 24 na gama-gari, suna da nasu. Kada ka buɗe akwatin wutar kansa, yana riƙe caji ko an zare waya, kuma in dillali ya manna tambarinsa a murfi ka tambaye shi a rubuce kafin ka yaga.

Yanzu maganar garanti. Ma'aikacin da ke ɗaukar waya yana bin jerin tambayoyi ne da aka tsara masa, ba zai tura kaya ba sai ya sami abin da zai cike a fom. Abin da ya fi saurin buɗe ƙofa shi ne gwajin kamfanin da kansa. A Dell, danna F12 lokacin tashi ka zaɓi Diagnostics, in akwai matsala zai ba ka lamba mai farawa da 2000 tare da lambar tabbatarwa. A HP, Esc sannan F2, zai ba ka lambar gazawa mai haruffa 24. Ɗauki hoton allon. Matsalar ita ce cuta mai zuwa tana tafiya takan tsallake wannan gwajin, shi ya sa jadawalin mutuwar da hoton lamba 41 suke da amfani.

Shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta ka sa lambar jikinta, a Dell ita ce Service Tag mai haruffa 7. Za ka ga ranar da garanti zai ƙare da irinsa: ko su zo wurinka, ko kai ka aika. Wani lokaci ranar farawa takan kama daga sanda aka tura wa dillali ne, rasit ɗinka shi ke gyara ta. In garantin kamfani na nan da rai, ba dole sai ta hannun dillali ba, buɗe ƙorafi kai tsaye.

Ka rubuta saƙo ɗaya gajere: samfuri, lambar jiki, ranar saye, yadda take mutuwa, abin da ka gwada da sakamakonsa, sai abin da kake so, canjin akwatin wuta ko madabod, wato babban allon da kayan ciki ke jone a kai. Karɓi lambar ƙorafi, kuma duk abin da aka yi alkawari a waya ka bi shi da imel a ranar.

In za ta tafi gyara, kwafe bayananku, ka cire RAM ko faifan da kuka ƙara da kanku, ka ɗauki hotonta ta kowane gefe. Mafi muhimmanci, in BitLocker, makullin faifai na Windows, na kunne ka ajiye mabuɗinsa mai lambobi 48 a wani wuri dabam, domin da zarar an canja madabod sai ya tambaye shi, kuma babu kamfanin da zai iya buɗe maka faifan in ya ɓace. Ranar da ta dawo, duba lambar jiki a BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar an rubuta ta a sabon madabod ɗin, sannan ka bar ta tana aiki mai nauyi kwana biyu kafin ka yarda a rufe ƙorafin.