Shin ɓata lokaci a kan abin da ba haram ba zunubi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ma'aikaci ne, ina kiyaye sallolina. Amma da na dawo gida sai in shafe kamar awa uku ina latse-latsen waya, labarai da ƙwallo kawai. In na zo kwanciya sai zuciyata ta dame ni cewa yinin ya tafi a banza. Ina da zunubi?

Amsa: Wa'alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, muddin abin da kake kallo halal ne, kuma bai sa ka tauye wani wajibi ba, ba za mu ce ka yi zunubi ba. Hutu halal ne. Sahabi Hanzala ya taɓa tuhumar kansa da munafunci don yakan shagala da iyali da dukiya bayan ya bar majalisin Annabi (SAW), sai Annabi ya ce masa: "Ya Hanzala, wani lokaci haka, wani lokaci haka." Muslim ne ya ruwaito.

Hukuncin yana sauyawa idan wayar ta kai ka dare har Asuba ta kuɓuce maka, ko iyalinka suna buƙatarka kai kuwa ido na kan allo. Nan ya zama laifi, domin ka ci haƙƙin Allah ko na bayinsa. Matan aure da yawa sun san wannan ciwon, miji yana ɗaki amma kamar ya yi tafiya.

Sai dai kuɓuta daga zunubi daban, kuɓuta daga asara daban. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ni'imomi biyu ne mutane da yawa suke tafka asara a kansu: lafiya da sararin lokaci. Kalmar Larabci da ta zo a hadisin da ma'anar asara ta 'yan kasuwa ce, ana faɗinta ga wanda ya sayar da kaya mai tsada a kan kuɗi kaɗan. Yi lissafi da kanka: awa 3 kullum ta zama awa 1,095 a shekara, wato kwana 45 har da ɗoriya, dare da rana. Ga shi Tirmizi ya ruwaito cewa bawa ba zai gusa ba ranar alƙiyama sai an tambaye shi rayuwarsa, a me ya ƙarar da ita.

Don haka kada ka kashe damuwar nan da kake ji, irin binciken kai ne da aya ta 18 a Suratul Hashri ta yi umarni da shi, wato kowa ya duba abin da ya gabatar domin gobe. Ban ce ka jefar da waya ba, masu yin haka sau da yawa ba sa daɗewa sai su koma. Yanke rabin awa daga ukun, ka ba Alƙur'ani ko karatun da zai amfane ka, wani rabin ka ba iyali, ka dawwama a kai. Sauran kuma ka yi niyyar hutawa don samun ƙarfin ibada da neman halal, kamar yadda Mu'azu ɗan Jabal yake neman lada a barcinsa.

Allah ne mafi sani.