Amsa: Ko ya dace in ɗauki mai horas da shugabanni?

Malam, ka tambaya ko ya dace ka nemi mai horas da shugabanni tunda an ƙara maka girma zuwa mataimakin darakta a Abuja. A ganina ya dace, matuƙar ka san ba aikin ofis zai koya maka ba. Tambayoyi zai riƙa yi maka har ka gane yadda kake tafiyar da na ƙasa da kai, wani lokaci ma ya ji ra'ayinsu a asirce.

Kafin ku daidaita, ka nemi ganin shaidarsa ta ICF, wato ƙungiyar masu horaswa ta duniya, wadda matakinta na ƙwararru da ake kira PCC ke buƙatar awa 500 na horas da mutane. Idan kuma ma'aikatarku ce za ta biya, ku rubuta tun farko abin da aka yarda ya sanar da shugabanninka.