Wane ne mai rawanin da ke tsaye a dandalin Beshiktash?

Tambaya: Malam, na je Istanbul sarin kaya. A unguwar Beshiktash, dab da tashar jiragen ruwa, na ga mutum-mutumin wani mai rawani da dakaru biyu a bayansa. Wani ya ce min ɗan fashin teku ne mai hannun azurfa. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Hairuddin Barbarosa ka gani, babban kwamandan sojan ruwa na Daular Usmaniyya a zamanin Sarki Sulaiman. A 1944 aka kafa mutum-mutumin, aikin Zühtü Müridoğlu da Ali Hadi Bara. In ka lura, kamar a goshin jirgi yake tsaye. An zaɓi wurin ne don hubbarensa na nan gefe, ginin shahararren magini Sinan, inda aka binne shi a 1546.

Zancen hannun azurfa kuwa, wanda ya ba ka labari ya haɗa wa da ƙane. Wansa Aruj ne ya rasa hannu a 1512, lokacin da suka kai wa Sifaniyawa hari a Bijaya, gaɓar Aljeriya ta yau, kuma shi ake cewa an ƙera wa na azurfa. A tsibirin Lesbos, na ƙasar Girka ta yau, aka haife su. Aruj ya kama birnin Aljiyas a 1516, Sifaniyawa suka kashe shi a 1518 a yankin Tilimsan. Da Hairuddin ya gaje shi ya ga ba zai iya shi kaɗai ba, sai ya yi mubaya'a ga Sarkin Usmaniyya Salim na Ɗaya, ya samu dakaru da bindigogi. A ganina wannan shawara ta fi duk wani yaƙi da ya ci muhimmanci, domin ita ta sa Aljeriya ta shiga hannun Usmaniyya har 1830.

Abin da Turkawa suka fi tuna shi da shi yaƙin Preveza ne, a gaɓar Girka ta yau, a Satumban 1538, inda ya fatattaki rundunar ƙawancen Turai ƙarƙashin kwamandan sojan ruwa Andrea Doria. Bayan rasuwarsa ya zama al'ada jiragen yaƙi su buga igwa su gaida hubbarensa kafin su fita, kuma har yau sojan ruwan Turkiyya na taruwa a nan kowace 27 ga Satumba.

To ɗan fashi ne? Da izinin sarakuna yake tare jiragen abokan gaba, kamar yadda Turawa ma ke yi a lokacin. Jiragensa sun kwashe Musulmin Andalus da ake gallaza wa zuwa Arewacin Afirka, kuma wannan alheri ne babba. Amma kada son jarumta ya rufe mana ido: ya ƙone garuruwan gaɓar teku, ya kama bayi. A 1544, da ya ci tsibirin Lipari na Italiya, dubban mutanen garin ya loda a jirage, har da mata da yara.